Vado, andiamo, andrò: me ya sa fi'ilin andare yake rikiɗa haka a Italiyanci?

Satin farko na koyon Italiyanci daɗi gare shi wallahi. Za a ba ka parlare, wato yin magana, a ce ka yanke -are ɗin ƙarshe ka liƙa 'yan haruffa a gurbinsa: parlo, parli, parla, parliamo, parlate, parlano. Ina magana, kana magana, yana magana, muna, kuna, suna. Ka gwada da lavorare ya tafi daidai, ka gwada da comprare ya tafi daidai, har ka fara ce wa kanka ashe yaren nan ba wani abu ba ne. Sai malami ya rubuta andare a allo, wato tafiya ko zuwa wani wuri, kai kuma da ƙarfin gwiwarka ka ce ando, andi, anda. Babu ko ɗaya a ciki da Ba'italiye zai faɗa yau. Abin da suke cewa shi ne vado, vai, va, andiamo, andate, vanno.

To daga ina v ta shigo? Kuma me ya sa ta ɓace a wurin "mu" da "ku", ta sake dawowa a wurin "su"?

Kafin nan bari mu daidaita wani abu ɗaya, don shi ne yake fara rikita Bahaushe. Mu a Hausa lokaci a jikin ɗan wakilin sunan nan yake zaune, na je, zan je, nakan je, in je, fi'ilin yana nan yadda yake gaban ne yake canzawa. Su kuma a wutsiyar fi'ilin suke zuba komai, wanda ya yi aikin da lokacin da ya yi da ma ko tabbas ne ko fata ne, shi ya sa ba sa damuwa da faɗin io, tu, lui, wato ni, kai, shi, sai in suna son jaddadawa, kalmar vado ita kaɗai ta riga ta ce "ni". Wanda ya taɓa zama gaban malamin sarfu yana rera fa'ala, fa'alaa, fa'aluu ya san irin wannan aikin. Littafin nahawunsu yana jera sigogi 7, indicativo da congiuntivo da condizionale da imperativo, sai infinito da participio da gerundio, in ka haɗa lokutan da ke cikinsu gaba ɗaya 21 ne. Ka buɗe shafin andare ka ga wannan dogon jadawalin sai gabanka ya faɗi. Amma gaskiyar magana kalmomi 6 ne kacal a duk shafin suke da wannan v ɗin, vado, vai, va, vanno, vada, vadano, sai wasali ɗaya da ake haɗiyewa a lokaci mai zuwa. Sauran duk bin ƙa'ida suke kamar parlare.

Asalin abin shi ne fi'ili biyu ne aka haɗa suka zama ɗaya. Masu v ɗin daga vadere suka fito, wani fi'ilin harshen Latin mai nufin tafiya. Masu and- kuma daga wani tushen daban, masana sun daɗe suna ja-in-ja a kansa, wasu su ce ambulare ne wasu su ce ambitare. Kuma ba da ka aka raba musu aikin ba, akwai tsari, kuma in ka kama tsarin ka huta da rabin haddar. Italiyanci yare ne mai danna gaɓa ɗaya a kowace kalma, ka ji yadda ake cewa PAR-lo, PAR-li, PAR-la, amma par-LIA-mo, par-LA-te, sannan a koma PAR-lano. A ni, kai, shi, su, nauyin muryar a kan tushen kalmar yake sauka. A mu da ku kuwa ya tsallake tushe ya faɗa kan wutsiya. To shi and- ba ya ɗaukar nauyin murya sam. Duk inda nauyin zai sauka a kansa sai ya kauce ya bar wa va- wurin, duk inda nauyin ya wuce gaba sai ya dawo abinsa. VA-do, VAI, VA, an-DIA-mo, an-DA-te, VAN-no. Ka gwada da kowace siga ta andare a duk jadawalin, ba za ka sami wadda ake danna AN ɗin farko ba.

Kuma ba andare kaɗai ke wannan rabon ba. Uscire, fita: esco, esci, esce, usciamo, uscite, escono. Dovere, wajaba: devo, devi, deve, dobbiamo, dovete, devono. Wurare huɗun nan dai su ne. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi boko da Faransanci ma sun riga sun san hanyar ba tare da sun lura ba, je vais, tu vas, il va, nous allons, vous allez, ils vont, rabon iri ɗaya ne sak, kuma v ɗin ma daga vadere ɗin nan ta fito.

Ni ban ma ga dalilin da Bahaushe zai yi wa Italiyawa gori a kan wannan ba. Ka ce "na je", to sa shi a lokaci mai ci mu gani. "Ina zuwa." Ina je ɗin ya tafi? Zuwa ɗin nan ita ce ta zo, ita ce kuma ta je. Ga "za ni kasuwa" da babu je babu tafi a ciki, ga "yaka" da "yaki" da tsofaffi ke kiran yaro da su. Fi'ilin da baki ya fi taɓawa kullum shi ne yake fin lanƙwashewa, kuma yawan faɗinsa ne yake hana a gyara shi, yaro ya ji vado sau ɗari kafin ya san akwai wata ƙa'ida.

Wani taimakon kuma, vai, va, vanno suna tafiya da ƙawayensu. A duk fi'ilan da ke ƙarewa da -are guda 4 ne kawai 'yan tawaye, andare, dare, stare, fare, kuma kiɗansu ɗaya: dai, dà, danno, stai, sta, stanno, fai, fa, fanno. Ka rera su tare. Kada kuma kama ta ruɗe ka, mandare, wato aikawa, duk da kamar andare ne aka sa wa m a gaba, lafiyayyen mai bin ƙa'ida ne, mando, mandi, manda.

Sai furuci, nan kam dole a ɗan tsaya. Ba mu da v a Hausa, bakinmu b yake kawowa, sai ka ji mutum ya ce "bado". Matsalar ita ce bado kalma ce mai zaman kanta, daga badare, kula da wani, inda aka samo badante, masu aikin kula da tsofaffi a gidaje. Ka ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ka bar murya ta fito, shi ke nan. Ninka baƙi kuwa mu gwanaye ne, wanda ya san bambancin kala da kalla ba zai sha wuyar vanno ba, ka dai riƙe n ɗin nan biyu da kyau don vano wata kalma ce daban. In ka je yankin Tuskani za ka ji suna cewa vo maimakon vado, ka gane shi in an faɗa amma ba sai ka ɗauka ba.

Imperfetto ba shi da wata rigima, na abin da aka saba yi a da ne ko abin da ke cikin faruwa a baya: andavo, andavi, andava, andavamo, andavate, andavano. Da bambino andavo a scuola a piedi, ina yaro a ƙafa nake zuwa makaranta. Nauyin muryar kawai za ka lura da shi a na ƙarshe, an-DA-vano ne. Passato remoto, na abin da ya daɗe da wucewa, shi ma haka, andai, andasti, andò, andammo, andaste, andarono, duk bisa ƙa'ida. Wannan a littattafai da labaran tarihi ka fi haɗuwa da shi, sai bakin mutanen kudu irin su Sisili da kuma Tuskani, a Milan ko Brescia kana iya shekara ba ka buƙaci furta shi ba. Ka iya gane shi dai in ka gani a rubuce.

Wanda za ka yi ta amfani da shi safe da yamma shi ne passato prossimo, wato lokacin da ya wuce mai kalma biyu, kuma a ganina nan ne ainihin inda mutane ke faɗuwa, ba a vado ba. Yawancin fi'ilai da avere, fi'ilin mallaka, ake haɗa su, ho parlato, ho mangiato, ho comprato, sai baki ya saba da ho, mutum ya zo ya ce "ho andato". Wannan kuskuren kunnen Ba'italiye ba ya yafe shi. Andare da essere, fi'ilin kasancewa, yake tafiya: sono andato, sei andato, è andato, siamo andati, siete andati, sono andati. Kuma da zarar essere ya shigo dole ƙarshen kalmar ya bi jinsi da adadi. Namiji ya ce sono andato, mace ta ce sono andata, maza ko gauraye siamo andati, mata zalla siamo andate. Lura da inda abin ya saɓa da namu, mu a "ka je" da "kin je", "ya je" da "ta je" muke bambanta mace da namiji, amma "na je" kowa da kowa ne. Su ko a "ni" sai an ji ko wace ce ke magana. 'Yar'uwa in kina rubuta wa malamarki saƙo, sono andata ne, kada ki kwafi misalin littafi yadda yake don yawanci na namiji suke sawa.

In ka riƙe wannan, duk sauran lokuta masu kalma biyu sun zo hannu, don andato ba ya motsi, essere ne kawai ke juyawa. Ero andato, na riga na je kafin wani abu ya faru. Sarò andato, zan kasance na je. Sarei andato, da na je. Che io sia andato, che io fossi andato, na congiuntivo ke nan da za mu zo kansa. Kusan rabin jadawalin nan mai ban tsoro ashe haddar essere ce aka sake maimaitawa.

Lokaci mai zuwa shi ne wurin wasalin da na ce ana haɗiyewa. Bisa ƙa'ida parlare yana ba da parlerò, mandare ya ba da manderò, to kamata ya yi a ce anderò, kuma a tsofaffin rubuce-rubuce ana ganinsa haka. Amma daidaitaccen yaren yau ya jefar da e ɗin: andrò, andrai, andrà, andremo, andrete, andranno. Irin abin da ya sami avrò da vedrò da potrò da saprò ne. Condizionale, sigar sharaɗi, shi ma a kan wannan guntun tushen andr- aka gina shi: andrei, andresti, andrebbe, andremmo, andreste, andrebbero. Ka duba waɗannan biyun da kyau, andremo da andremmo. Mai m ɗaya "za mu je", magana ta tabbata. Mai m biyu "da mun je", wato akwai wani sharaɗi da ya tsaya a hanya. Baƙi ɗaya ne tsakanin alkawari da uzuri, kuma masu gyara takardar jarrabawa suna sane da shi sarai. A hirar yau da kullum kuma sau da yawa ba sa ma wahalar da kansu da andrò in maganar ta kusa ce, domani vado a Torino, gobe za ni Torino, ya wadatar.

Yanzu congiuntivo, dodon ɗalibai. Masu koyo ta hanyar Turanci suna shan wuyarsa don a Turanci ya kusa mutuwa, sai a yi ta yi musu dogon bayani. Mu kuwa muna da abinmu a baki. Ka ce "ka je" da dogon wasali, labari ne, ka riga ka je. Ka ce "ina so ka je", wannan "ka" ɗin daban ne, ba a je ba tukuna, so ne ko fata ko umarni. "Allah ya sa ya je lafiya", "gara mu je", "dole su je", "kafin in je". To wurin da congiuntivo yake zama ke nan: voglio che tu vada, ina so ka je. Bisogna che vadano, dole su je. Prima che lui vada, kafin ya je. Spero che vada tutto bene, ina fata komai ya tafi daidai, wannan kam za ka ji shi a asibiti, a tashar jirgi, a ƙarshen saƙon waya. Sigar ita ce vada, vada, vada, andiamo, andiate, vadano, kuma ka ga rabon nan ya sake dawowa, huɗu na va-, biyu na and-, saboda nauyin muryar dai. VA-dano ake cewa. Da yake ukun farko iri ɗaya ne, a nan ana yawan faɗin io ko tu ko lui don kada a rikice.

Inda suka wuce mu shi ne su har zato da tunani suna sa wa wannan siga. Mu sai mu ce "ina jin Musa yana zuwa makaranta" da lokaci mai ci kawai, su kuma penso che Musa vada a scuola. Duk abin da ya biyo bayan penso che, credo che, mi sembra che, a ɗauka ba tabbas ba ne, ra'ayinka ne. Za ka ji Italiyawa da yawa a titi suna cewa penso che va, ba wanda zai kama su, amma kai kada ka rubuta haka a jarrabawa.

Akwai tarko ɗaya a nan da har 'yan ƙasar ke faɗawa. Fi'ilan -are na ƙa'ida da -i suke ƙarewa a congiuntivo, che io parli, che lui mandi, sai mutum ya yi ƙiyasi ya ce "vadi". Kuskure ne, kuma irin kuskuren da suke yi wa dariya ne, sun mai da shi alamar wanda ke son ya yi magana irin ta manya bai iya ba. Dalilin -a ɗin shi ne vadere tun asali ba ɗan gidan -are ba ne, ɗan gidan -ere ne, su kuma da -a suke ƙarewa kamar prenda da veda.

Na baya, congiuntivo imperfetto, ya koma bin ƙa'ida: andassi, andassi, andasse, andassimo, andaste, andassero. Babban aikinsa a jimlar "da... da..." ne. Se andassi a Milano, troverei lavoro, da zan je Milan da na sami aiki. Se avessi i soldi, andrei a Kano, da ina da kuɗi da na je Kano. Mu "da" ɗaya muke maimaitawa a ɓangarorin biyu, su kuwa kowane ɓangare da sigarsa, bayan se congiuntivo, ɗaya gefen condizionale. "Se andrei" a irin wannan jimla haramun ne a wurin malaman makaranta, ja suke zagaye shi da shi. In abin ya riga ya wuce kuma, se fossi andato ieri, l'avrei visto, da na je jiya da na gan shi. Sai wani amfani da ba ya zuwa wa mutum a rai, in kana ba da labarin abin da wani ya ce zai yi, ha detto che sarebbe andato, ya ce zai je. Sarebbe andato, ba andrebbe ba, ko da kuwa har yanzu bai tashi ba.

Umarni kuma. Ga abokinka ko yaro, va' ko vai, duka biyun daidai ne, amma alamar da ke bayan va' ɗin waƙafin sama ne mai nuna an yanke i, ba a rubuta và da alamar nauyi. Mu je, andiamo. Ku je, andate. Hani ga mutum ɗaya sai a koma asalin fi'ilin, non andare, kada ka je. Girmamawa ce ke da ɗan aiki: mu babba muke ce wa "ku", su kuma Lei suke cewa, wato kamar kana magana a kan wata "ita" alhali mutumin yana gabanka, ko namiji ne ko mace. Don haka umarnin girmamawa aron congiuntivo yake yi. Ka shiga questura, wato ofishin 'yan sanda, don sabunta takardar zama, ma'aikaciya ta duba fom ɗinka ta turo maka shi ta ƙasan gilashi ta ce vada allo sportello 3, ba maganar wani take yi ba, kai take ce wa ka je taga ta 3. Ka tambayi dattijo hanya ya ce vada dritto, miƙe kawai. Kai ma haka za ka ce wa likita ko mai gidan haya, in ka ce masa vai kamar ka ce wa sa'an babanka "kai, jeka" ne.

In aka liƙa masa ƙananan kalmomi sai baƙin ya ninku, va' da ci su zama vacci, je can. Akwai kuma andarsene, barin wuri: me ne vado, te ne vai, se ne va, ce ne andiamo, ve ne andate, se ne vanno. Vado yana son a faɗi inda za a, me ne vado kuwa "na tafi abina" ne. Vattene kora ce, tafi ka ba ni wuri, kada ka faɗa wa wanda ba ka shirya faɗa da shi ba. Se n'è andato na iya zama ya tafi, yana kuma iya zama ya rasu, yanayin fuskar mai maganar ne zai gaya maka.

Wanda ke shirin jarrabawar yare, ko matakin A2 da ake nema don takardar zama ta dogon lokaci, ko B1 da aka wajabta wa masu neman zama 'yan ƙasa tun 2018, ko CILS ta jami'ar baƙi ta Siena ce ko CELI ta Perugia, ya sani iya jera sigogin nan ba shi ne ƙarshen aiki ba, ɗan harafin da ke bin andare ma ana dubawa. Gari a ne, vado a Roma. Ƙasa in ce, vado in Italia, vado in Niger. Wurin mutum da ne, vado dal medico, vado da Aisha. Sauran kuma sai hadda, a scuola, a casa, al mercato, amma in banca, in moschea, in questura, kada ka nemi dalili a nan don ba kullum ake samu ba. Masu Faransanci da Turanci su kula, vado a mangiare ba "zan ci abinci nan gaba" ba ne, tashi za ka yi ka nufi inda abincin yake. In kana kan hanya yanzu haka, sto andando. In kuma wurin wanda kake magana da shi za ka, ba andare ba ne ma sam, venire ne, a ƙwanƙwasa ƙofa ka ce vengo, daidai da "ga ni nan zuwa" ɗinmu.

Sannan va ɗin nan guda tana da wasu ayyukan da ba ruwansu da tafiya. Come va, ya ake ciki. Va bene, to shi ke nan, ba damuwa. Ti va un caffè, kana sha'awar kofi, ka ce non mi va in ba ka so. Com'è andata, ya abin ya kasance, ita ce tambayar da za a tare ka da ita in ka fito daga jarrabawa ko ganawar neman aiki. Wadda ta fi muhimmanci ga mai hulɗa da ofisoshi ita ce va da participio, wato siga irin andato, a bayanta, ma'anarta "dole a yi". Il modulo va firmato ba ya nufin fom ɗin zai je wani wuri, cewa aka yi dole a sa masa hannu. I documenti vanno consegnati entro venerdì, dole a miƙa takardun kafin Juma'a ta wuce. In ka ga va ko vanno a jikin takardar da aka liƙa a ƙofar ofis, ka tsaya ka karanta kalmar da ke biye da ita da kuma ranar da aka rubuta.